Martani: Koren Ganye Ba Jini Ba Ne, Busasshiyar Kuka Kuma Ba Ƙaiƙayi Ba Ce

Kwanakin baya wani malami ɗan'uwanmu ya rubuta maƙala a kan ganyen miya da ƙarancin jinin da ke damun mata da yara a gundumomin Tasawa da Mayahi. Maƙalar ta samu karɓuwa, har ana jin maganganunta a bakin mutanen da ba su karanta ta ba. Abin da ya hana ni yin shiru ke nan, domin idan matan karkara suka ɗauki shawarar da ya rufe da ita, cutuwa za su yi.

Ga abin da ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Na farko, ya ce launin kore na ganye, wato sinadarin kulorofil, shi ne jinin tsiro, kuma gininsa ya yi kama da na jan jinin ɗan Adam, don haka wanda ya ci kore ya ƙara jini. Na biyu, ya ce da zarar an tsinko ganye, wasu sinadarai da ake kira enzayim sukan tashi a cikinsa su cinye koren nan, shi ya sa busasshen ganye ke dushewa. Ganyen da ya dushe kuwa, a ganinsa, ƙaiƙayi ne, saboda haka garin kuka da busasshen lalo da yoɗo da matanmu ke tarawa tun kaka ciki kawai suke cikawa, ba sa gina jiki. Na uku, ya ba da shawarar a bar busasshen ganye a koma ɗanye, a riƙa zuba kanwa da yawa a miya don koren ya tsaya, masu hali kuma su saya wa iyalinsu koren ruwan nan na kwalba da ake tallarsa da sunan ruwan kulorofil.

Damuwar Malam gaskiya ce, kuma ta cancanci yabo. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin awon ciki a Kanambakashe ko Urafan ya san ƙarancin jini ba labari ba ne a ƙasar nan. Gaskiya ne kuma cewa enzayim na rushe kulorofil, kuma akwai abin da ɗanyen ganye ya fi busasshe da shi. Amma daga waɗannan gaskiyoyi guda biyu ya yi tsalle zuwa hukunci uku da ilimi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mu fara da batun jini. Kamannin da Malam ya ambata akwai shi, kuma masana sun daɗe da saninsa. Wasu masu harhaɗa magunguna biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, su suka fara ware kulorofil daga ganye a 1817. Wani Bajamushe, Richard Willstätter, ya gano cewa a tsakiyar ƙwayar kulorofil akwai sinadarin magnisiyam, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1915 saboda aikinsa a kan launukan tsirrai. Wani Bajamushen, Hans Fischer, ya samu tasa a 1930 bayan ya warware ginin jan sinadarin da ke cikin jini. Abin da ayyukansu suka nuna shi ne: kulorofil da jan sinadarin jini duk zobe ne, amma a tsakiyar zoben jini ƙarfe ne, a tsakiyar na ganye kuma magnisiyam ne. Wannan ƙarfen shi ne ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa sassan jiki, kuma shi ne mai ƙarancin jini ya fi rasawa. To, Malam, ta yaya abin da babu ƙarfe a cikinsa zai cike giɓin ƙarfe? Jikin mutum ba ya karɓar zoben ganye ya zare magnisiyam ya sa ƙarfe a madadinsa. Yana ƙera nasa zoben ne da kansa, galibi a cikin ɓargo, daga furotin da ƙarfen da ya samu a abinci. Shi kuwa kulorofil da aka ci, tsamin ciki ne ma ke fara ɓata shi, kuma mafi yawansa bin bayan gida yake yi.

Ina asalin ruɗanin, ke nan? Ganyen da ya yi kore shar, irin su zogale da alayyahu da gasaya, yakan kasance da ƙarfe da bitamin folat da sinadarin karotin wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Waɗannan suna zaune ne a ganye ɗaya da koren, amma kowanne daban yake. Koren shaida ne kawai cewa ganyen lafiyayye ne. Wanda ya ci zogale ya ji daɗin jikinsa, ƙarfen da furotin da bitamin ɗin da ke ciki ne suka yi masa aiki.

Sai batu na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan maƙalar. A nan Malam ya ambaci enzayim amma bai tsaya ya bayyana aikinsu ba, kuma da ya bayyana da hukuncinsa ya rushe a hannunsa. Enzayim wani nau'in furotin ne da ke hanzarta canji a cikin abu mai rai, kuma kowanne da aikinsa guda. Willstätter da abokin aikinsa Arthur Stoll sun bayyana na farko da ke taɓa kulorofil tun 1910, suka kira shi kulorofilas. Duk da haka an shafe shekara tamanin ba a san inda koren ke ƙarewa ba, sai a 1991 da Bernhard Kräutler na Ostiriya da Philippe Matile na Zurich a Suwizalan da abokan aikinsu suka gano ragowarsa marar launi a cikin ganyen sha'ir da ya yi rawaya. Daga nan aka bi sawun matakan ɗaya bayan ɗaya. Wani enzayim da ake kira SGR shi ke fara zare magnisiyam daga tsakiyar zoben. Wani mai suna fiyofitinas, wanda Stefan Hörtensteiner da abokan aikinsa suka bayyana a Zurich a 2009, ya yanke doguwar jelar da ke riƙe ƙwayar a wurinta. Sannan wani da ake kira PAO ya fasa zoben ya buɗe shi, kuma daga wannan mataki kore ya tafi ke nan. Ragowar sai a mayar da ita marar launi a ajiye a wani lungu na ƙwayar ganyen. Rawayar da muke gani a ƙarshe ba sabon launi ba ne, karotin ne da danginsa waɗanda dama suna nan, koren ne ya rufe su.

Don me tsiro ke wannan wahala? Kulorofil yana ɗaure ne da furotin, furotin kuma cike yake da naitirojin, abin nan da manomi ke saye da tsada a buhun takin yuriya. Idan ganye ya tsufa, tsiron ba ya yarda ya zubar da wannan dukiya, sai ya kwance furotin ɗin ya tura naitirojin zuwa ƙwaya da sabon toho. Amma kulorofil da aka kwance, idan rana ta haska shi, yakan haifar da guba da za ta kashe ƙwayar ganyen kafin a gama kwashe kayan. Shi ya sa ake fara rushe shi. Abin ya yi kama da maigidan da zai tashi daga gona, ya yaye ciyawar rumfarsa don ya samu ya cire itacen da zai tafi da shi. Kowane manomin hatsi a Sarkin Hausa ko Korgom ya ga wannan da idonsa: ganyen gindi ke fara yin rawaya a daidai lokacin da zangarniya ke cika.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Gregor Mendel, wanda ya kafa tushen ilimin gado da bincikensa a kan waken turawa a 1866, ya yi aiki da iri biyu, mai rawayar ƙwaya da mai koriyar ƙwaya. A 2007 aka gano cewa mai koriyar ƙwaya nakasa ce gare shi a ƙwayar gadon da ke samar da SGR, sannan a 2016 masu bincike a Jami'ar Hokkaido ta Japan suka tabbatar da cewa aikin SGR shi ne zare magnisiyam. Tsiron da ke da irin wannan nakasa ganyensa yakan tsufa, ya daina aikin samar da abinci, har ya mutu, amma yana nan kore. Idan kore shi ne rai da amfanin ganye, yaya za a yi ganye ya mutu da korensa?

Yanzu mu dawo gida. Enzayim na buƙatar abu uku kafin ya yi aiki: ruwa, ɗumi, da lokaci. Ganyen da aka tsinko bai mutu ba, yana ci gaba da numfashi. Idan aka danna shi cikin buhun leda, aka ɗora a amalanke ko saman mota cikin zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a jihar Maraɗi, tsakiyar buhun sai ya ɗumama, iskar etilin da ganyen ke fitarwa ta taru ta ƙara ingiza tsufansa, kafin kwana ɗaya ko biyu ya yi rawaya ya kakkaɓe. Mai sayar da zogalen Jiratawa ya san wannan asara. To me ke tsayar da enzayim ɗin? Janye ruwan. Ganyen da ya bushe da wuri, enzayim ɗinsa ba shi da inda zai motsa. Ashe shanya ba ita ce nasarar enzayim ba, ita ce makamin da ake karya shi da shi. Manoman da ke yanke harawar wake da ta gyaɗa tun tana kore, su busar da ita su ɗora a kan itace ko rufin ɗaki, ilimin nan suke aiki da shi, kuma kowa ya san koriyar harawa ta fi wadda ta yi rawaya a gona kuɗi. Malam, abin da muka yarda da shi a abincin tumaki, don me za mu musanta shi a abincin ƴaƴanmu?

Kuma ko da koren ya dushe, me aka rasa? Enzayim ɗin da na lissafa ƙwaya ɗaya suke rushewa, ita ce kulorofil. Ƙarfe da kalsiyam ma'adinai ne, babu enzayim ɗin da ke cinye su, rana ba ta ƙone su, iska ba ta kwashe su. Abin da ke fita wajen shanya ruwa ne, wanda shi ne kashi uku cikin huɗu ko fiye na nauyin ɗanyen ganye, don haka cokali ɗaya na garin ganye ya tara abin da ke cikin cokula da dama na ɗanye. Busasshen zogale kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne. Ganyen kuka yana cikin abincinmu mafi yawan kalsiyam, a ƙasar da yara da yawa ba sa samun nono kullum. Wannan ne ƙaiƙayi?

Asarar da ake yi da gaske iri biyu ce, kuma dole a faɗe ta. Bitamin C mafi yawansa yakan tafi wajen shanya. Karotin kuma hasken rana da iska na lalata shi, musamman idan an baza ganyen a fili cikin tsakar rana. A nan ne launi ke da amfani a matsayin shaida, ga wanda ya iya karanta shi, domin dushewa ba iri ɗaya ba ce. Ganyen da ya yi rawaya ya daɗe da danshi ne kafin ya bushe, enzayim ya samu lokaci. Wanda ya koɗe ya yi fari-fari, rana ce ta ci shi, kuma ta ci karotin ɗinsa tare da koren. Wanda ya yi baƙi-baƙi an murje shi ne ko an tara shi da laima, wani enzayim daban ya yi aiki, irin wanda ke baƙanta yankakken gauta, kuma idan yana wari ko ya yi fumfuna zubarwa ya kamata a yi. Wanda kuma ya koma ruwan ƙasa a cikin tukunya, tsami ne da zafi suka zare magnisiyam ba tare da wani enzayim ba, shi ya sa miyar yakuwa ba ta fita kore. Duk waɗannan gyaran shanya da na dahuwa suke nema. Babu ɗaya da ke cewa a bar busasshen ganye.

A bar shi ma a koma ina? Damina a Tasawa da Mayahi wata uku ce zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma tana ƙara gajarta idan aka nausa arewa. Sauran watannin shekara, in ban da garaken da ke kwarin Gulbin Kaba da ƴan wuraren da ke da rijiyoyin ban ruwa, daga ina matar ƙauye za ta samu ɗanyen ganye kullum? Da wane kuɗi? A wane firiji za ta adana shi? Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da 2005 ba, shekarar da tafasa da yaɗiya da jiga da anza suka riƙe gidaje da yawa har sabon hatsi ya nuna. Wanda ya gaya wa uwa cewa buhun kukar da ta tara banza ne, bai ba ta ɗanyen alayyahu ba, gayan tuwo ya bar wa ƴaƴanta daga sanyi har bazara.

Saura batu na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Gaskiya ne kanwa na tsayar da kore, domin tana kashe tsamin da ke zare magnisiyam. Babu kuma mai cewa a raba miyar Bahaushe da kanwa: ƴar kaɗan na ƙara wa lalo da kuɓewa yauƙi, tana nunar da wake, tana rage tsamin yakuwa. Amma kanwar da ke adana launi ita ce ke lalata bitamin C da bitamin B1 a cikin tukunya. Bitamin C kuwa shi ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganye da hatsi. Ke nan matar da ta bi shawarar Malam za ta samu miya shar a ido, ta rage abin da zai kai ƙarfe cikin jininta. Ga shi kuma kanwa gishirin sodiyam ce, yawanta nauyi ne ga mai hawan jini da mai ciki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shi kuwa koren ruwan kwalba, duk mai iya karatu ya duba takardar da ke jikinsa. Galibi abin da ke ciki kulorofilin ne, wato kulorofil da aka sarrafa a masana'anta, aka cire magnisiyam aka sa jan ƙarfe a madadinsa don launin ya daɗe, jan ƙarfe irin wanda ake wayar lantarki da shi, wanda ba shi ne ƙarfen da jini ke nema ba. A Turai ma yana cikin jerin launukan abinci, da lamba E141. Shin adalci ne a ce wa magidancin da ke auna hatsi tiya-tiya ya fitar da jikunan sefa ya sayi launi? Kuɗin nan da ya sayi hanta da ƙwai da wake da man gyaɗa, da jinin iyalinsa ya amfana da gaske. Babban haɗarin ma shi ne mai ciki ta sha ruwan kwalba ta ɗauka ta yi magani, ta bar zuwa awo. Ƙarancin jini a ƙasar nan tushensa zazzaɓin cizon sauro ne, da ƙarancin ƙarfe a abinci, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa-kusa, da cutar sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarfe, miligiram 30 zuwa 60, tare da folat kullum. Babu ganye, ɗanye ko busasshe, da zai maye gurbin wannan ko gurbin gidan sauro.

Matsayina a bayyane yake: busasshen ganye ginshiƙin abincinmu ne, abin da ake bukata shi ne kyautata shanyarsa. A tsinko shi da sanyin safiya, kada ya kwana a danne cikin leda. A wanke da ruwa mai tsabta. Ganyen da ke jure tafasa, kamar zogale da tafasa da alayyahu, a tsoma shi cikin ruwan da ke tafasa sosai na minti biyu ko uku a tsame, domin zafin nan na kashe enzayim gaba ɗaya. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ba ya yi, don kulorofilas ya fi ƙarfin aiki a tsakanin digiri 60 zuwa 80. Kuka da yoɗo, masu yauƙi, shanya su ake yi kai tsaye. A baza shi siriri a kan tabarma mai tsabta, a inuwa mai iska, nesa da ƙasa inda awaki da ƙura ba za su kai ba. Idan ya bushe ƙayau a zuba a mazubi mai murfi a ajiye a duhu, a riƙa daka na ƴan kwanaki kaɗan-kaɗan, don gari ya fi saurin lalacewa. A zuba shi a miya dab da saukewa. A sa mai ko ƙuli-ƙuli, domin karotin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, kuma kwaɗon zogale da iyayenmu ke yi ya riga ya cika wannan sharaɗi. A haɗa da ɗanyen tumatir ko lemun tsami, a kuma jinkirta shayi bayan cin abinci, don shayi na hana hanji tsotsar ƙarfe.

Ina kira ga masu bincike a cibiyar INRAN da ke Tarna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da ma'aikatan lafiya da gidajen rediyon karkara, su kai wannan bayani ga ƙungiyoyin mata da harshen da suke ji. Kai kuma Malam, alƙalaminka na da masu saurare, kuma niyyarka alheri ce. Ka sake duba maganar nan, ka gaya wa matan Tasawa da Mayahi su ci gaba da tara ganyensu, su shanya shi a inuwa, su rage kanwa, su je awo.